Fedar giyar babur: gyaran minti biyar da sakaci ke kaiwa ga buɗe inji

Ɗan kabu-kabun da ya bar kwalta a Dakoro ya nufi ƙauyukan gulbin Tarka ba ya daɗewa a giya ɗaya. Rairayi ya yi zurfi ya sauko ta biyu, ƙasa ta yi tauri ya koma ta uku, haka har ya isa. Ƙafar hagu ce ke wannan aiki yini guda. Idan da yamma idon sawu na ciwo, ko giya na ƙin shiga, yawanci akan ɗora laifin a kan kuloci ko tsufan inji. Sau da yawa kuwa fedar giyar ce ba ta zauna daidai da ƙafar mai tuƙi ba.

Babura irin su Haojue da Boxer suna fitowa daga kamfani da fedar a tsayi ɗaya, alhali ƙafa ba ɗaya ba ce, takalmi ma haka. Mai silifa da mai ƙaton takalmi ba za su ji ta daidai ba. Idan ta yi sama, sai mutum ya ɗaga ƙafa daga mataki kafin ya kai ta ƙarshe. Bugun ba ya cika, giya ta maƙale tsakanin ta ɗaya da ta biyu, ko ta fita ana cikin tafiya. A tsakiyar rairayi, da fasinja da buhun hatsi a baya, wannan faɗuwa ce. Idan ta yi ƙasa, yatsu ba sa shiga ƙarƙashinta, kuma takan bugi kututture. Akwai kuma mai barin ƙafa kwance a kanta: fedar ba ta komawa mazauninta, ƙarafan da ke tura giya a ciki suna ta gogewa.

Gyaran kansa ba wuya. Fedar tana riƙe ne da wata gajeriyar sanda da ta fito daga cikin inji, bakinta duk ƙananan haƙora, noti ɗaya ya matse su, galibi na sifana mai lamba 10. A kashe inji, a kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a ja layi da alli a bakin sandar da jikin fedar don a san inda aka taso. Notin sai an cire shi gaba ɗaya, domin ya ratsa wani tsagi a jikin sandar. Sassautawa kawai ba ta sakin fedar, kuma a nan ne masu gaggawa ke ɗauko guduma. A zare ta, a juya da haƙori ɗaya tak, a mayar. Haƙori ɗaya a wurin sanda ya kai kaurin yatsa ko fiye a wurin ƙafa. Mai babur ya hau da takalmin da yake aiki da shi, ya gwada kowace giya ba tare da ya ɗaga ƙafa daga mataki ba. Feda mai baki biyu, ta yatsu da diddige, idan gaba ya sauka baya ya tashi, don haka a duba duka biyun, a kuma tabbata ba ta taɓa jikin inji.

Babbar ɓarnar tana zuwa ne daga notin da aka bari sako-sako. Girgizar hanya na sa fedar ta riƙa wasa a kan sandar, haƙoran su cinye kaɗan-kaɗan, har ranar da za a taka ta juya a banza. Daga nan sai wajen mai walda, a manne feda da sanda. Babur ya tashi, gaskiya ne, kuma a ranar an yi araha. Amma zafin walda kan ƙona robar da ke tare man inji a gindin sandar, mai ya fara ɗiga, rairayi ya manne a wurin. Tsayin fedar kuma ya tsaya ke nan, ko ya dace ko bai dace ba. Ranar da sandar ta lanƙwashe, sai an yanke waldar, an zubar da mai, an buɗe murfin inji ta ɓangaren kuloci kafin a zaro ta. Ga kuɗin kaya, ga na bakanike, ga yinin da ba a fita aiki ba.

Fedar da ta lanƙwashe bayan faɗuwa ma ba a miƙe ta a jikin babur, don duk bugun sandar ce ke shansa. A cire ta a miƙe a ƙasa, ko a sayi sabuwa, wadda ta fi sandar araha nesa ba kusa ba. Inda mutum biyu ke karɓa-karɓa da babur ɗaya, gara su daidaita a kan tsayi guda da a riƙa cirewa ana mayarwa kullum, domin haƙoran ba su da kauri. Notin kuwa, a riƙa ɗora masa sifana duk ranar da aka canza man inji.