Wutar lantarki ma tana shan ruwa

Duk sa'ad da muka kunna fitila ko firji, da wuya mu tuna cewa akwai ruwan da ya tafi a madadin wannan haske. Yawancin manyan tashoshin lantarki, masu ƙona gawayin ƙasa da masu aiki da makamashin nukiliya, tafarkinsu ɗaya ne: a tafasa ruwa, tururinsa ya juya injin, injin ya haifar da wuta. Bayan haka dole a sanyaya tururin ya koma ruwa domin a sake tafasa shi. A wurin sanyayawar nan ne mafi yawan ruwan yake tafiya.

Hanyoyin uku ne. Ta farko, a jawo ruwan kogi ko na teku, ya ɗebe zafin, a mayar da shi inda aka ɗauko shi da ɗumi. Ta biyu, a gina doguwar hasumiya inda wani ɓangare na ruwan zai bi iska, kamar yadda tulu ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafowa. Ta uku, a bi da tururin cikin bututu, manyan fankoki suna hura masa iska, tamkar lagireton mota.

Kowace hanya da farashinta. A shekarar 2003, da kuma 2022, zafi ya tsananta a Faransa, ruwan koguna irin su Ron da Garon ya yi ɗumi, har aka rage ƙarfin wasu tashoshin nukiliya, domin doka ta ƙayyade zafin ruwan da za a zuba a kogi saboda kifaye. Ita kuwa hasumiya ba ta mayar da abin da ta sha: tashar gawayi mai irin wannan tsari tana cin kusan lita 2 a kan kowane kilowat na awa ɗaya.

Afirka ta Kudu, mai yalwar gawayi da ƙarancin ruwa, ta rungumi hanya ta uku. Tashar Matimba da ke lardin Limfofo, mai ƙarfin kusan megawat 4,000, wadda aka kammala a 1991, iska ke sanyaya ta, kuma ruwan da take ci bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da mai hasumiya ke ci ba. A Maroko ma, tashar Noor ta farko a Warzazat, wadda aka buɗe a 2016, tana tafasa ruwa da zafin rana, tana sanyayawa da ruwan madatsar Mansur Eddahbi. Da aka zo ta biyu da ta uku a 2018, sai aka koma ga iska.

Amma sanyayawa da iska ta fi tsada wajen gini, fankokin suna cinye wani abu daga wutar da aka samar, kuma idan rana ta take, iska mai zafi ba ta sanyayawa sosai. Sai ƙarfin tasha ya ragu a daidai lokacin da kowa ke neman wuta.

Wannan batu ya shafe mu a Nijar. Tun 1981 tashar Anu Araren, kusa da Cirozerin, take ƙona gawayi a yankin da ba shi da kogi, kuma an daɗe ana maganar gina wata a Salkadamna cikin jihar Tawa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da tasha za ta ja, shi ne makiyayi da mai garka ke dogara da shi. Faifan hasken rana irin na Goru Banda, da aka ƙaddamar a 2023, ba ya bukatar tururi, sai ɗan ruwan wanke ƙura.

Saboda haka, idan aka zo wa al'umma da albishir na sabuwar tasha, ya kamata dattawa su yi tambaya tun kafin a aza tubali: da me za a sanyaya ta, lita nawa za ta sha a rana, kuma daga wace rijiya? Allah ya sa mu dace.