Ramin Milimita 20 Da Ya Koma 30

A ɗakin koyon aiki aka ba mu farantin alminiyam mu huda rami mai faɗin milimita 20 da CNC, injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa. Muka auna bayan yanka: 30! Faranti ya tashi daga aiki.

Laifinmu ne. Tsakiyar wuƙarsa injin ke ɗorawa kan layi. Faɗin wuƙar milimita 10 ne, sai ta ƙara cin 5 ta kowane gefe. Rabin faɗin da'ira ke nan, darasin da muka yi ta hamma a kansa a sakandare. Umarnin G41 muka manta, mai matsar da wuƙa hagu da rabin faɗinta. In ana zagayawa saɓanin agogo, hagu shi ne cikin ramin.