Gargaɗi Ga Mai Neman Idon Kyamarar Fim

Wata magana ta yaɗu a 'yan shekarun nan tsakanin samarin da suka koma sha'awar ɗaukar hoto da fim, har ta iso mana nan Babura ta cikin wayoyin hannu, wai kyamara irin ta dā mai ma'aunin nisa ba ta yin hoton kirki sai an ɗaura mata ido mai faɗin ƙofa, irin wanda aka rubuta wa f/1.5 ko f/1.4 a baki, kuma wai in ba ƙirar Jamus ba ne, to, asarar fim kawai mutum yake yi. Na ji ta a bakin ɗalibai, na ji ta a bakin wanda ya tsinci kyamara a adakar kakansa bai ko taɓa sa mata fim ba, na kuma ga yadda take sa yaro ya raina abin da ke hannunsa ya shiga neman rance domin abin da ba ya bukata. Da yake shiru a kan kuskure yakan zama tamkar amincewa da shi, na ga ya wajaba in yi wannan bayani, ko Allah ya sa wani ya tsira da kuɗinsa.

Ita wannan kyamara, a taƙaice, ba ta cikin idonta ake leƙawa ba. Akwai wata 'yar taga daban a sama, a tsakiyarta da ɗan tabo mai haske inda abu ke bayyana biyu, sai a yi ta murɗa idon har biyun su haɗu, shi ke nan an sami saiti. Kamfanin Leitz na garin Wetzlar ya fito da Leica II mai wannan tsari a 1932, idonta kuwa ɗaura shi ake yi da tiredi mai faɗin milimita 39, sa'an nan Tarayyar Sobiyet ta kwaikwaya, ta fara ƙera FED a Kharkov a 1934 da Zorki a Krasnogorsk a 1948, Japanawa su ma suka bi da Canon. Irin waɗannan su ne ake gamuwa da su a akwatunan dattawan da suka yi karatu a Rasha, ko a wajen masu tsofaffin kaya a Kano. Wanda tasa Yashica Electro 35 ce ko Canonet, shi ya huta, domin idonsu a manne yake, ba a sauya shi.

Mu fara da mas'alar ƙofa, domin nan ne asalin ruɗin. Lambar nan ta f tana nuna faɗin ƙofar da haske ke bi ya kai ga fim, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar gwargwadon faɗin ƙofar, ta yadda in aka sauko daga 16 zuwa 11, zuwa 8, zuwa 5.6, zuwa 4, zuwa 2.8, zuwa 2, zuwa 1.4, kowane mataki yana ninka hasken da ke shiga. Masu hoto na dā suna da wata ƙa'ida wadda ba ta bukatar na'ura, ita ce in rana ta take babu gajimare, a sa ƙofa a 16, a sa saurin labulen da ke buɗe wa fim haske kusa da lambar fim. Wato fim mai lamba 200 yana son 1/250 na sakan a 16, ko 1/500 a 11, ko 1/1000 a 8. To, ƙarshen saurin Zorki-4 shi ne 1/1000, haka ma na Leica M3 da ake ta kururutawa, na FED-2 kuwa a 1/500 ya tsaya. Ma'anar wannan ita ce duk wanda ya tsaya da hantsi a filin Idi, ko a hawan Sallar Kazaure, ko a bakin kasuwa inda farin rairayinmu ke mayar da haske sama, ba shi da halin buɗe ƙofa fiye da 8 da irin wannan fim, ko da kuwa idon da ke hannunsa ya kai kuɗin saniya. In ya yi taurin kai ya buɗe zuwa 1.5, ya zuba wa fim haske wajen ninki talatin a kan abin da ya kamata, in aka wanke sai a ga fuskoki da riguna duk sun narke cikin fari.

Ya kamata mai hankali ya tambayi kansa, don wa aka ƙera irin wannan ido tun farko? An ƙera shi ne a farkon shekarun 1930, zamanin da fim ba shi da ƙarfin kama haske kamar na yau, aka kuma ƙera shi a ƙasar Jamus, wadda birninta Balin yake sama da daraja 52 arewa da tsakiyar duniya, inda rana takan yi makonni a lokacin sanyi ba ta fito sosai ba, ana ɗaukar hoto a gidajen wasa da ɗakunan taro cikin hasken fitila. Mu kuwa Babura ba mu kai daraja 13 ba, abin da ke damun mai hoto a nan yawan haske ne, ba ƙarancinsa ba. A inuwar darbejiya 5.6 ko 4 ta wadatar, a ƙarƙashin rumfa ko a zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa 2.8 ta isa in hannu bai yi rawa ba. Ban ƙi ba, wanda niyyarsa ita ce ɗaukar almajirai suna karatun dare a gaban wutar tsangaya yana da uzuri, amma shi ma ido mai f/2 da fim mai lamba 400 za su kai shi nesa, kuma irinsa mutum nawa ne cikin masu wannan surutu?

Bayan haka akwai illar da masu yaɗa maganar ba sa faɗa. Duk lokacin da ƙofa ta faɗaɗa, filin da ke fitowa tar a gaba da bayan wurin saiti sai ya ƙuntata. Ido mai milimita 50 a f/1.5, in mutum yana nisan mita ɗaya, abin da zai fito sosai bai kai kaurin santimita huɗu ba, ta yadda in ka saita a kan ƙwayar idonsa kunnensa ya riga ya yi dishi-dishi, in kuwa ya ɗan gyara zama hoto ya tafi. Alhali a f/8, a nisan mita uku, kana da fili kusan mita biyu, ango da abokansa duk su shiga. Ma'aunin nisa na kyamarar da ta shekara sittin tana faɗuwa ana ɗauka, da wuya a ce bai goce ko kaɗan ba, kuma ƙaramar ƙofa ita ke rufa wa wannan gociya asiri, babba kuwa tona shi take yi. Sa'an nan labulen Leica da Zorki da FED na ƙyalle ne mai roba, babu madubi tsakaninsa da gilashi, saboda haka in aka ajiye kyamara ba murfi tana kallon rana, idon zai tara zafin a wuri ɗaya ya huda labulen cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma mai faɗin ƙofa shi ya fi saurin yin wannan ɓarna.

Saura batun Jamus. Ba na musun ingancin idon Summicron, wanda Leitz suka fitar a 1953. A buɗe ya fi na Rasha kaifi, musamman a kusurwoyin hoto, kuma aikin ƙarfensa ya fi tsabta. Amma ya kamata a sani cewa bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, Sobiyet ta kwashi injuna da zane-zane da gilasai daga masana'antun Zeiss na Jena da Dresden a matsayin diyyar yaƙi, don haka idon Rasha Jupiter-8 mai f/2 ba wani abu ba ne face Sonnar ɗin da Ludwig Bertele ya tsara wa Zeiss, kamar yadda Industar ya bi tsarin Tessar mai gilasai huɗu wanda Paul Rudolph ya fitar a 1902. Lissafin na Jamus ne, haɗawar ce ta Rasha, kuma aibinsu na gaskiya shi ne ba a tantance su da tsanani ba a masana'anta, sai ka sami wannan rangaɗau, ɗan'uwansa kuma da 'yar matsala. A f/8, a kan takarda mai girman tafin hannu, ƙalilan ne za su iya bambance hoton Industar da na Summicron, alhali kuɗin Summicron ɗaya ya fi na Industar goma. Abin da ke ba ni haushi shi ne yawancin masu kwaɗayinsa ba hoton suke so ba, sunan da ke zagaye da bakin gilashin suke so a gani a ƙirjinsu, wannan kuwa riya ce da almubazzaranci a haɗe, a lokacin da kuɗin fim ɗaya mai hoto 36 da wankinsa ya isa ya sa mutum tunani. Galibin hotunan da ke lalacewa, tsohon fim ne da zafi ya dafa, ko rawar hannu, ko maganin wanki da ya gaji.

To, me mutum zai saya? Mai Zorki ko FED ya tsaya a milimita 50, domin tagarsu iyakar abin da take nunawa ke nan. Mafi araha su ne Industar-22 da Industar-50 masu f/3.5, sai Industar-26M da Industar-61 masu f/2.8, wanda na ƙarshen ya yi suna wajen kaifi. Wanda ke da ɗan hali ya nemi Jupiter-8, ko Canon 50 mai f/1.8 in kyamararsa Canon ce ko Leica. Jupiter-12 mai milimita 35 yana da kyau wajen ɗaukar taro, sai dai yana bukatar taga ta daban a sama, kuma gilashinsa na baya ya zurfafa cikin kyamara ƙwarai, akwai waɗanda ba ya shiga cikinsu sam, kada a tilasta shi.

A nan akwai tarko da ya kama mutane da yawa. Ba duk ido mai tiredin milimita 39 ne na wannan kyamara ba. Tsofaffin kyamarorin Zenit na farko tiredinsu ɗaya ne da na Zorki, har sunayen idanun ma sukan zo ɗaya, amma tazarar da ke tsakanin gindin ido da fim a Zorki milimita 28.8 ce, a Zenit kuwa ta haura 45, don haka idon Zenit zai ɗauru a Zorki lafiya lau amma ba zai taɓa yin saiti ba. Haka kuma idon injin buga hoto na ɗakin duhu. Alamar na gaskiya ita ce in ka juya bayansa ka murɗa, za ka ga wani zoben ƙarfe yana fitowa yana komawa, shi ne ke tura hannun ma'aunin nisa. Jupiter-8 da aka yi wa kyamarar Kiev kuwa ba tiredi gare shi ba, maƙalawa ake yi, ba ya hawa Zorki. Mai Leica M yana iya ɗaura idanun Zorki da FED na tiredi da ɗan zobe mai kaurin milimita ɗaya.

In ka riƙe idon a hannu, kada ƙyallin jikinsa ya ruɗe ka, domin aluminiyam ɗin Rasha yakan dushe alhali cikinsa lafiya. Ka buɗe ƙofar duka, ka shiga inuwa, ka haska tocilar waya ta baya kana dubawa ta gaba a karkace. 'Yar ƙura ba komai ba ce, ƙananan kumfa cikin tsohon gilashi ma ba aibi ba ne, ko ƙarzane ɗaya a gilashin gaba da wuya ya fito a hoto, sai dai ka nemi ragi da shi. Abin gudu shi ne yana, wato wani fari-fari da ya lulluɓe gilashin ciki, wanda ya yi yawa a Canon mai f/1.8 kuma wani lokaci ba ya wankuwa. Da fumfuna mai kama da saƙar gizo, wadda in ta daɗe takan ci fuskar gilashin. Da ɗimbin ƙananan layuka a gaba, waɗanda ke watsa haske su wanke hoto. Ka murɗa zoben saiti daga farko zuwa ƙarshe: taurin busasshen giris yana gyaruwa, amma in yana kwankwasa ko yana cijewa a wuri ɗaya, alama ce ya taɓa faɗuwa. Ka tafi da kyamararka, ka ɗaura, ka saita a kan hasumiyar masallaci ko tankin ruwa mai nisa, ka tabbata biyun sun haɗu daidai lokacin da idon ya kai ƙarshen murɗi. Saye ta intanet ba tare da sharaɗin mayarwa ba cinikin biri a sama ne, kuma malamanmu na fiƙihu sun riga sun tabbatar cewa wanda ya sami ɓoyayyen aibi a haja yana da haƙƙin mayar da ita, mai sayarwa kuma haramun ne ya ɓoye abin da ya sani. Saboda haka a yi sharaɗin a fili gaban shaida, kada kunya ta hana.

Su waɗancan ƙananan layuka da na ambata, hannun masu kaya ne ke yin su, kuma wannan ɗabi'a ta goge gilashi da gefen riga ko bakin rawani ta ishe ni. Ƙurar hunturu da ke sauko mana daga arewa ta kan Magarya tana ɗauke da ɓarɓashin yashi wanda ya fi gilashi tauri, shafin da ke kan tsofaffin idanu kuwa laushi gare shi, duk gogewa ɗaya a bushe kankara ce wadda ba ta komawa. A fara hure ƙurar da ɗan famfon roba, ba da baki ba, sa'an nan a share da lallausan burushi, in ya zama dole a goge, a yi da tsabtataccen ƙyallen tabarau da ɗigon ruwan goge gilashi. Mafi alheri ma a ɗaura masa gilashin kariya da 'yar rumfar baki, a bar murfi a kai in ba ɗauka ake yi ba. Da damina kuma a fitar da shi daga jakar fata, domin ita ke riƙe laima ta haifi fumfuna, a sa shi a roba mai murfi tare da ƙullin nan mai shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a riƙa fito da shi yana shan iska.

Fim na farko na gwaji ne, kada a kai shi ɗaurin auren kowa. A shimfiɗa tef ɗin tela a kan tabarma, a kafa ashana a tsakiyarsa, a tsaya nisan mita ɗaya a saita a kanta da ƙofa a buɗe, a sake a mita uku, a rubuta komai a takarda. In an wanke aka ga kaifin ya faɗa bayan ashanar, abin da yakan faru in aka ɗora idon Rasha a kan Leica ko Canon saboda ɗan saɓanin ma'auninsu, mai gyara yana iya daidaita shi da siririn zobe a ciki. In babu mai gyara a kusa, a rufe ƙofa zuwa 4 ko 5.6 duk lokacin da za a ɗauki mutum a kurkusa.