Hurumin Birni Cikin Hamada: Misalin Finiks Da Maƙwabtanta

A ƙasar Hausa, hurumi shi ne filin da a ke bari a gefen gari, ba a noma shi, ba a gini a kansa, na kowa da kowa ne. Burtali kuwa hanya ce da a ke keɓewa tsakanin gonaki domin dabbobi su wuce. Da waɗannan kalmomi biyu za mu fi saurin gane al'amarin da wannan takarda ta ke so ta bayyana, watau yadda birnin Finiks na jihar Arizona, a kudu maso yammacin Amurka, ya tsare wa kansa fili da hanyoyin ƙafa alhali kuwa yana ta cin dajin da ke kewaye da shi. Sai dai mai karatu ya lura, burtalin can na masu yawo da ƙafa ne, da mahaya dawaki da kekuna, da namun daji.

Girman birnin da halin ƙasar

Finiks yana cikin Hamadar Sonora, inda ruwan sama na shekara bai cika wuce inci 8 ba. A ƙidayar 1950 mutanensa 106,818 ne, birnin kuma bai fi murabba'in mil 17 ba. A ƙidayar 2020 sun kai 1,608,139, faɗinsa ya haura murabba'in mil 500. Mota da na'urar sanyaya ɗaki su ne suka sauƙaƙa zama a wurin, kowane magidanci kuwa yana son gida mai fili, don haka birnin ya yi ta bazuwa a kwance.

Ƙasar hamada ba ta saurin warkewa in an ji mata rauni. Akwai wani tsiro mai ƙaya da a ke kira saguwaro, mai kama da ƙyarana amma ya fi ta girma nesa ba kusa ba. Ya kan yi shekara 50 ko fiye kafin ya fitar da reshe, ya kan kuma rayu shekara 150. Abin da katafila ta tumɓuke da safe, jikan mai ginin ma ba zai ga madadinsa ba. Har wa yau, busassun ƙoramu su ne ke kwashe ruwa in hadari ya zuba farat ɗaya. Idan aka toshe su da gini, sai ruwan ya nemi hanya ta cikin gidaje.

Saye tun birni bai iso ba

Cikin shekarar 1924 hukumar Finiks ta sayi wajen eka 13,000 na Dutsen Kudu daga hannun Gwamnatin Tarayya a kan dala 17,000. A lokacin dutsen yana can nesa da ƙarshen gidaje. Cikin shekarun 1930, zamanin karayar tattalin arziki, samarin da Gwamnati ta ɗauka aikin gyaran daji suka fitar da hanyoyi a kansa. Yau filin ya wuce eka 16,000, unguwanni sun zo har gindinsa, amma dutsen yana nan.

Dutsen da a ke kira Tozon Raƙumi, saboda siffarsa, bai sami wannan sa'a da wuri ba. Ya riga ya shiga hannun masu shi, gidajen attajirai suna ta hawa gefensa. A 1965 aka kafa wata ƙungiya bisa jagorancin Barry Goldwater, wanda ya yi takarar shugabancin Amurka a 1964, aka shiga tara gudummawa, har 'yan makaranta suka ba da nasu. A 1968 aka sami tsirar da ƙwanƙolin dutsen. Gindinsa kuwa ya riga ya tafi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Ƙasar amanar makarantu

A nan akwai wata wahala ta shari'a wadda ta kamata malamai su lura da ita. Bisa dokar 1910, wadda ta share wa Arizona hanyar zama jiha a 1912, Gwamnatin Tarayya ta ba ta miliyoyin eka amana, yawancinsu domin a riƙa samun kuɗin makarantu. Sharaɗin shi ne, in za a sayar, sai a yi gwanjo a fili, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Saboda haka jiha ba ta da ikon ba wani birni wannan ƙasa kyauta, ko da don amfanin jama'a ne. Birnin da ke son hurumi dole ya zo da kuɗinsa kamar kowane mai saye. A 1998 masu jefa ƙuri'a na jihar suka yarda a riƙa ware dala miliyan 20 kowace shekara, har shekara 11, domin a cika wa garuruwa kuɗin irin wannan saye. Ta haka aka biya asusun makarantu hakkinsa, aka kuma bar dajin yadda ya ke.

Garin da ya aza wa kansa haraji

Sikotsdel gari ne da ke manne da Finiks ta gabas. A 1950 mutanensa wajen 2,000 ne, a 2020 sun wuce 240,000. Da gine-gine suka doshi duwatsun Makdawel, sai mutanen garin suka jefa ƙuri'a a 1995, suka yarda a ƙara musu harajin ciniki, watau santi 20 a kan kowace dala 100, har shekara 30, domin sayen ƙasa. A 2004 suka sake ƙara santi 15. Da wannan kuɗi aka tara hurumi mai kimanin eka 30,500, kusan rubu'in faɗin garin duka, da hanyoyin ƙafa fiye da mil 200.

Abin da ya fi yawan ekar muhimmanci shi ne yadda aka haɗa su. An bi saye ta yadda filin zai zama ɗaya, ya kuma sadu da Dajin Gwamnati na Tonto ta arewa. Dalili kuwa, barewa da alhanzir na daji da babbar kyanwar duwatsu mai kama da damisa ba su iya rayuwa a guntun fili da gidaje suka yi wa zobe. Dole su riƙa kai da kawowa neman ruwa da abinci da abokan barbara. Makiyayi ya san wannan: burtalin da aka toshe a wuri ɗaya, an toshe shi duka. Hanyoyin ƙafa kuma suna da amfani biyu. Suna tattara sawun mutane wuri guda don kada a tattake ƙasa ko'ina, suna kuma sa mai biyan haraji ya ga abin da ya saya da idonsa, ya so shi.

Tsare hurumi daga masu shi

Mallakar fili ba ta gama magana, gama hukumar da ta saya ita ma tana da bukatunta. A Sikotsdel aka kawo shawarar gina wani babban gidan nune-nune a cikin hurumin, gari ya rabu biyu. A 2018 jama'a suka gyara tsarin mulkin garin da ƙuri'a, suka ce duk wani sabon gini irin wannan sai an nemi yardarsu tukuna.

A Dutsen Kudu kuwa bukatar sufuri ce ta yi rinjaye. Babbar hanyar mota mai tsawon mil 22 wadda aka buɗe a watan Disamba na 2019 ta yanke gefen dutsen, ta ci wajen eka 30 na hurumin. Mutanen O'odham, 'yan asalin ƙasar da ke zaune a bakin kogin Gila, waɗanda ke riƙe da dutsen a matsayin wuri mai tsarki, sun kai ƙara kotu amma ba su yi nasara ba. Wannan ya tuna mana cewa filin da taswirar birni ta nuna fayau, sau da yawa yana da waɗanda suka riga birnin saninsa.

Mai nazarin girman birane zai amfana in ya jera farashin nan biyu. A 1924 Finiks ya sayi eka ɗaya a kan abin da bai kai dala 2 ba. Bayan shekara 70, Sikotsdel ya fara sayen nasa, sai da ya kashe ɗaruruwan miliyoyin dala kafin ya tara abin da ya ninka wancan sau biyu da ɗoriya. Hamadar ɗaya ce, duwatsun kuma iri ɗaya. Abin da ya raba su shi ne, a karo na biyu birni ya riga ya iso bakin filin.