Ranar da na juya wa masu kuɗi ƙeya: ɗan kasuwa da bayani a majigi

Shekara talatin da ɗoriya ina harkar albasa tsakanin Galmi da Ghana, kuma ban taɓa zaton akwai ranar da bakina zai mutu a gaban mutum biyar kacal ba. Ni da ke iya ciniki da direban tirela tun daga hantsi har azahar ban gaji ba! Amma ga shi ya faru.

Bayan an tashe mu daga kasuwar Agbogbloshie a Akra a 2021 aka mai da mu Adjen Kotoku, ƙungiyarmu ta yanke shawarar neman kuɗi don gina rumfar ajiya mai shan iska, saboda asarar da ruɓewa ke ja mana. Wata cibiyar tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa ta ce mu zo mu yi bayani, amma da majigi, wato a haska shafuka a bango. Aka ce Alhaji kai ne mai baki, kai za ka je. Na sa ɗana ya haɗa mini abin a kwamfuta. Yaro ya zage ya yi shafi 42, rubutu cunkus, wasu kalmomin na shigowa suna juyi kamar mazari. Na ce madalla, wannan aiki ya yi.

Ranar taron na tsaya ina karanto abin da ke bango, na ba mutanen ƙeya. Su kuwa sun riga ni gama karantawa, don ido ya fi baki sauri, sai suka koma latsa waya. Ina shafi na 15 aka ɗauke wuta. Duk wanda ya zauna Ghana ya san dumsor. Bango ya yi duhu, kaina ma ya yi duhu, domin komai yana bango, babu kome a ƙwaƙwalwata. Wata mata daga cikinsu ta ce, "Alhaji, nawa kuke nema, kuma a wata nawa za ku biya?" Amsar tana shafi na 38. Na yi ta kame-kame.

Aka ce mu dawo bayan wata biyu. A wannan tsakanin ne na zauna na koyi abin.

Manhajar da aka fi amfani da ita sunanta PowerPoint, ta fito tun 1987, kuma a shekarar kamfanin Microsoft ya saye ta. Akwai Google Slides wadda kyauta ce, tana aiki har a wayar hannu. To amma manhaja ba ita ce matsalar ba. Wani Ba'amurke mai zuba jari, Guy Kawasaki, wanda ya gaji da sauraron masu neman kuɗi irina, ya kawo ƙa'idar da ake kira 10/20/30: shafi kada ya wuce 10, magana kada ta wuce minti 20, girman rubutu kada ya gaza lamba 30. Ta ƙarshen nan ta fi burge ni. In ka ƙara wa rubutu girma, dole surutu ya ragu, don shafin ba zai ɗauka ba. Kuma dattijon da ke zaune can baya, wanda ya manto tabarau a gida, zai gani.

Na koma da shafi 9. Na farko hoton buhunan albasarmu ne da suka ruɓe bayan ruwan sama, ni na ɗauka da wayata, babu rubutu ko ɗaya. Na bar su suka kalla, sannan na yi magana. Na biyu ya faɗi abin da muke nema da lokacin biya. Kada ka ɓoye buƙatarka a ƙarshe kamar mai jin kunyar suruki. Mai kuɗi yana so ya san inda aka dosa kafin ya hau motar.

Inda nake so 'yan uwa su tsaya da kyau shi ne wajen lissafi, domin mu masu tsallaka iyaka kuɗinmu kala-kala ne. Mutumin Nijar in ya ce jika yana nufin sefa 1,000, in ya ce dala sefa 5 ke nan. Ɗan Najeriya in ya ji jaka, naira 200 ce ke zuwa masa a rai. A Ghana kuma tun da aka canja sidi a 2007, aka mai da tsohon sidi 10,000 ya zama sabo 1, har gobe akwai tsofaffin da ke cewa miliyan ɗaya alhali sidi 100 suke nufi. Ka ga in ka rubuta lamba tsirara a bango, kowa zai fassara da kuɗin garinsu. Rubuta sunan kuɗin a gefen kowace lamba, ka zaɓi kuɗi guda ka tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. In ka yi canji daga sefa zuwa sidi, rubuta farashin canjin da ranar da ka ɗauke shi, don sidi ba ya zama wuri ɗaya. Kuma kada ka kwafo littafin shago gaba ɗaya ka manna. Lamba uku ko huɗu sun isa shafi. Sauran ka buga a takarda ka miƙa wa wanda ya tambaya.

Launi kuwa, baƙin rubutu a farin shafi ya wadatar. Rawaya a kan fari ɓacewa take yi in ɗakin na da haske.

Sai gwaji. Na tara iyalina a tsakar gida bayan isha'i, na yi musu bayanin sau uku, ƙaramar 'yata na riƙe da agogo. Uwargida ce ta ce, "Malam, ka cika cewa 'wato' da yawa, kuma hannunka na cikin aljihu kamar mai ɓoye goro." Da zafi, amma gaskiya ta faɗa. Na kuma sa ɗana ya riƙa jefo mini tambayoyi masu wuya, irin wa zai biya in mota ta maƙale a iyakar Paga mako guda.

Ranar komawa na isa da awa guda kafin lokaci. Dalili kuwa, wasu majigin tsofaffi ne masu bakin VGA, kwamfutocin yanzu kuma HDMI gare su, in ba ka da mahaɗi ka tashi a tutar babu. Na ajiye shafukan a filas, na mai da su PDF don kada rubutu ya hargitse a kwamfutar wani, na tura kwafi a WhatsApp ɗina, na kuma buga kwafi 6 a takarda saboda wuta. Na tsaya a gefen bango, fuskata na kallonsu, na gaishe su kamar yadda zan gaida baƙo a rumfa, sannan na fara. Na gama a minti 14.

Matar nan ce ta fara tambaya, ta ce wa zai riƙe mabuɗin rumfar. Wannan kam ba ya cikin shafukana, amma mun riga mun tattauna shi a ƙungiya, na ce mutum biyu ne, ma'aji da sarkin albasa, kowa da kwaɗonsa. Ba su ba mu duk abin da muka nema ba, kashi biyu cikin uku suka amince. Ragowar muka haɗa da adashi.