Lagon Jarumi da Tafiyar Labari a Littattafan Zane

Duk wanda ya kalli wasan tauri a Gusau ko Tsafe ko Bungudu ya san ana cewa ƙarfe ba ya cin ɗan tauri, amma kowane asiri da makarinsa. Wannan ƙa'ida ce ke riƙe da labaran jarumai na littattafan zane. Superman, wanda ya fito a Amurka a 1938, harsashi ba ya huda shi, saboda haka karonsa da abokan gaba ba ya daɗewa. Da aka shigo da kiriftonait cikin littattafan a 1949, watau dutsen da ke karya ƙarfinsa, sai jarumi ya san tsoro, labari ya ja, mai karatu ya ƙagu. Ya kamata manazarta su auna Gandoki na Bello Kagara da wannan ma'auni.