Abin Da Muka Zuba A Lambatu Shi Ke Dawowa Rijiyarmu

A watan Yuni na 2024, lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas, ƙanena ya kwana uku a asibiti ana ƙara masa ruwa. Tambayar farko da likita ya yi wa Baba ita ce, "Alhaji, ina kuke ɗebo ruwan sha?" Rijiyarmu tana bayan kara, taku kaɗan daga lambatun da ke kwashe kashin shanu. Tun daga ranar na fara bin sawun ruwan sama in ga inda yake zuwa.

A ƙauye idan aka yi ruwa, ƙasa ce ke shanye mafi yawansa. A Legas kuwa ko'ina siminti ne da kwalta da kwanon rufi, ruwan ba shi da wurin shiga sai gudu. Ga lissafi mai sauƙi: milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin gida mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50, zai zubo lita 5,000, wato jarka 200 mai lita 25. Gida ɗaya ke nan fa. Ga shi garin a kwance yake dab da teku, ruwa ba ya saurin gangarewa, damina kuma kashi biyu ce: daga Afrilu zuwa Yuli, sai ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba, ruwan lambatu babu mai tace shi. Duk abin da ya tarar a hanya tafiya yake da shi: kashin dabbobi, jini da kashin tumbi daga mayanka, baƙin mai daga garejin makanikai, da abin da ya tumbatso daga salga. Wani ya faɗa kogi ko lagun, wani kuma ya tsaya a unguwa. Tunda ruwan ƙasa a nan kusa yake, rijiyoyinmu ba su da zurfi, ƙazantar ba ta da nisan tafiya. Ruwa na iya zama garau a ido alhali ƙwayar cuta na ciki.

Toshewar magudana ita ke ƙara ta'azzara abin. Ledar fiya wata da robobi kan cushe kwalbati, ruwa ya koma baya ya shiga ɗakuna. Shi ya sa gwamnatin Legas ta hana amfani da farar robar nan ta zuba abinci a watan Janairu na 2024. 'Yan uwanmu na Badun kuwa ba su manta da ambaliyar kogin Ogunfa ta 1980 da ta Agustan 2011 ba, kuma shara da gini a bakin kogi suna cikin abin da ya ƙara musu muni.

To, mene ne namu a ciki? Manyan magudanai aikin hukuma ne, amma akwai abin da ke hannunmu. A tara kashin shanu wuri guda mai tudu a rufe shi, masu lambu suna sayen taki. Kada a wanke tumbi a cikin lambatu. A yashe magudana tun watan Maris, kuma a kwashe abin da aka yaso, don in aka bar shi a baki ruwan farko ne zai mayar da shi. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓen siminti da murfi, in da hali a nisanta salga da ita kamar mita 30. Mai tarar ruwan rufi ya bar na farko ya wanke kwanon tukuna. Bayan ambaliya, ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa maganin kulorin.

Mu a kararmu, bayan abin da ya faru, dattawa sun sa kowane dillali yana ba da ɗan abu duk mako ana biyan yara masu yasa. Rijiyar ma an ɗaga ta. Ƙanena ya warke, alhamdu lillahi. Ku duba taku rijiyar tun hadari bai haɗo ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka.